Tafin Hannu Guda

Kwana goma sha ɗaya tawadar ta yi a yatsanki, Ayen,
ta ƙi fita.
Kin gyara kifi da ita, kin shafa kisra da ita,
da dare kina ɗaga min ita a gaban fitila
kamar wadda aka ƙunsa wa lallen biki.

A takardar, in ji ki, zane biyu ne:
hannaye biyu a sarƙe,
sai tafin hannu guda a buɗe.
Ni ba a tambaye ni ba.
Kakana da ƙafa ya taso daga Haɗeja za shi Makka,
guzuri ya ƙare masa a bakin Farin Nilu,
ya kafa bukka a Kosti, ya ce sai baɗi.
Jikan mai sai-baɗi ba ya sa baki a rabon gadon wasu.

Tafin guda kika dangwala wa.
Na ce don me?
Kika ce, "Don kalmar da ake jifana da ita a motar haya,
don uwata da ta faɗi a hanyar gudu ba mai haƙa mata rami,
don ko sau ɗaya a ƙirga da ni."
Na rasa ta cewa. Na ci tuwona, na wanke hannu.

Yayanki Malual, mai walda a bayan tashar jirgin ƙasa,
hannaye biyun ya zaɓa.
Kika ce masa bawan da ya saba da igiya.
Ya ce miki mai ƙona rumbu don ta kashe ɓera.
Tun ranar hannunku bai sake haɗuwa a kwano ɗaya ba.

Sai ga shi shi ya riga ki tafiya.
Wata bakwai yana kwana a tashar ruwa
bisa tulin kayansa,
gadon ƙarfe, injin walda, har ƙyauren da ya ɓalle daga gidansa.
Rana ta cinye fentin akwatin kafin jirgin dako ya iso.
Kin tsaya nesa da ƙullin busasshen kifi.
Ba ki miƙa ba.
Bai waiwayo ba.

Ke kuma da kika zaɓi tafiya, ga ki nan.
Akawu ya juya katinki gaba da baya,
ya ce wannan ya daina aiki, yanzu ke baƙuwa ce.
Baƙuwa,
a gidan da kika binne cibiya huɗu a gindin darbejiya.
Bara'atu ta dawo daga makaranta tana tambayata
wane rabin jikinta ne zai zauna,
wane ne zai hau jirgi.

Labarin kudu guntu-guntu yake isowa,
a bakin direbobi, a bakin masu fataucin gishiri.
An ce an yi harbi. An ce kasuwa ta ƙone.
Kullum bayan isha kina danna lambarsa,
wata mace tana ba ki haƙuri da Larabci.

Jiya na same ki a bakin kogi kina duban yatsan,
ya wanke tas, ko alama babu.
Kika ce, "Na ɗauka tafin nan cewa yake, dakata, ya isa haka.
Ashe na mai ban kwana ne."
Na ce, in aka sake kawo takardar fa?
Sai da wani belbela ya sauka ya tashi kafin ki amsa.
"Ban sani ba," kika ce.
"Abin da ya sa ni dangwalawa bai mutu ba,
abin da na rasa kuma bai dawo ba."

Ruwan nan daga can yake gangarowa,
ba wanda ya tare shi ya ce ina katinka.
Na kwance kwalekwale, na ɗauki taru.
Da na waiga daga tsakiyar kogi
kina tsugune, hannu biyu a cikin ruwa,
kina tarar abin da ya biyo ta ƙofar Malual.